Yaya, kafin ku sayi sabon sumo

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, yaya su Inna da yara? Da fatan hunturun Zariya bai matsa muku ba. Namu nan ba a magana, yau ma sai da na kankare ƙanƙara daga gilashin mota kafin in fita.

Saƙonka ya iso. Sumon rijiyar burtsatsen unguwa ya sake ƙonewa, an kuma sa sunana a sahun farko na masu karo-karo, tunda ni ne na Amurka. Zan turo in sha Allahu. Tambayar da ka yi a ƙarshe ce ta ba ni dariya, wai su can injinsu ba ya lalacewa ne? Yaya, shekara huɗu ke nan ina aiki a gidan ruwan wani ƙaramin gari a jihar Ohayo, garin da ko rabin Samaru bai kai ba, kuma da wuya mako ya wuce wani abu bai lalace ba. Wasu bututan da ke ƙarƙashin titunanmu sun girmi marigayi Baba.

Da na zo, na ɗauka hukuma ɗaya ce ke ba kowace jiha ruwa kamar a gida. Ashe gidajen ruwa kusan 50,000 ne a ƙasar, kuma mafi yawansu ƙanana ne da mutanen da suke shayarwa ba su wuce 3,300 ba. Rijiya biyu, tanki ɗaya a sama, ma'aikaci ɗaya ko biyu, sai wata tsohuwa mai rubuta bil. Wato da kaɗan suka fi kwamitinku na unguwa. Namu mu uku ne, babu injiniya ko ɗaya a cikinmu. Sai dai ba a bar mu da halinmu ba, kuma labarin da nake so in ba ka ke nan.

A watan Janairun bara muka lura tankin gari yana sauka da daddare, lokacin da kowa ke barci. Ruwan da muke turawa ya fi wanda mitoci ke nunawa nesa ba kusa ba. Muka zaga gari kwana uku, ko danshi ba mu gani ba. Sai ogana ya ɗaga waya ya kira ƙungiyar ƙananan gidajen ruwa ta jiha. Washegari ga wani dattijo mai furfura a akori-kura, aikinsa ke nan, yawo gari-gari yana duba masu matsala. Ya ce mu je mu kwanta, sai ƙarfe biyun dare za a fara. Da dare ya tsala muka fito, sanyi kamar zai tsinke kunne. Yana tafe yana ɗora wani ƙarfe a kan kowane makunnin bututu, da abin sauraro a kunnensa, kamar likita yana auna ƙirji. A layi na biyar ya tsaya, ya miƙo mini abin. Na ji wani siririn sauti, irin na tayar keke in ƙaya ta huda ta. Ya matsa gaba kaɗan, ya dawo baya, sannan ya fesa shuɗin fenti a kwalta ya ce a haƙa nan. Da safe muka haƙa fiye da mita ɗaya, domin nan sai an binne bututu da zurfi saboda ƙanƙara. Ga bututun ya tsage, ruwan yana sulalewa cikin magudanar ruwan sama, shi ya sa bai taɓa fitowa fili ba.

Da zai tafi na tambayi ogana nawa za mu biya shi. Ya ce ko sisi. Ma'aikatar noma ta tarayya ce ke ɗaukar nauyin irinsu, ta hannun uwar ƙungiyar da aka kafa tun 1976. Kofi kawai ya sha. Ni kuwa sai na tuna bututun nan da ya fashe a bakin layinmu muna yara, wanda muka yi wata da watanni muna tarar ruwa a gindinsa har ciyawa ta fito, muna ganin gata ne Allah ya kawo.

Tushen abin doka ce. Suna da dokar ruwan sha tun 1974, a 1996 aka yi mata kwaskwarima aka ce dole kowace jiha ta riƙa duba ƙarfin gidajen ruwanta ta fuska uku: iya aiki, riƙon kuɗi da tafiyar da shugabanci. A lokacin ne aka buɗe wani asusu da ni dai adashe nake ce masa. Tarayya ta zuba, jiha ta ƙara kashi 20 cikin ɗari, a ba garuruwa rance mai sauƙin ruwa, abin da suka biya ya koma tukunya a ba na gaba. Amma garin da lissafinsa ke a hargitse ba ya ɗauka sai ya yarda zai gyara. In bai san yadda zai gyara ba, a turo masa mai koya masa.

Mu wata mata aka turo mana daga RCAP, wata ƙungiya mai taimaka wa ƙananan garuruwa a kan harkar ruwa. Ba ta taɓa sufana ba, kwamfuta kawai ta buɗe. Ta sa muka rubuta kowane inji da muke da shi, shekarar da aka saye shi, shekarun da suka rage masa, da kuɗin sabo. Tun 2018 jihar Ohayo ta wajabta wa gidajen ruwa ajiye irin wannan lissafi, namu dai yana nan rabi da rabi. Da ta haɗa, sai ga shi kuɗin da jama'a ke biya na albashi ne da lantarki da kulorin kawai, ranar da babban inji ya mutu babu abin taɓawa. Aka kira taron gari a kan ƙarin kuɗin ruwa. Kada ka ɗauka Bature ba ya rigima a kan kuɗi. Wani tsoho ɗan fansho ya miƙe, fuska ta yi ja, ya ce fashi ne da rana tsaka. Matar ba ta yi musu da shi ba, hoton cikin tankinmu ta haska a bango, tsatsa ta ci shi. Ɗakin ya yi tsit. Aka amince da ƙari kaɗan-kaɗan cikin shekara uku, a riƙa ware wani kaso a asusun da ba a taɓawa sai don sauya inji. Tsohon har yau ba ya amsa gaisuwata sosai.

Ruwan nan ba kyauta ba ne. Bil yana zuwa duk wata, wanda ya ƙi biya a yanke masa. Abin da ya fi ba ni mamaki, kuɗin ruwan da na zubar ya fi na wanda na sha. Duk abin da ya fita daga banɗaki da kicin yana bin bututu zuwa wata matata, a hura masa iska ƙwayoyin halitta su cinye dattin, a gwada shi kafin a sake shi cikin rafi. Duk ranar da na biya sai in tuna gidajen cikin birni, inda shadda da rijiya ke maƙwabtaka taku kaɗan. Kuma in ka haɗa abin da Inna ke ba 'yan ga-ruwa kura-kura, da fiyawata, da maganin taifot, ban yarda ku ne ke shan mai araha ba.

Kada ka ce na zama ɗan koren Amurka. A 2014 birnin Flint ya koma jan ruwan kogi don rage kashe kuɗi, ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, dalmar bututan ta narke a ruwa ta shiga jinin yara. A 2022 Jackson, babban birnin jihar Misisipi, ya yi kwanaki famfo ba ƙarfi bayan matatarsa ta gaza. Dukansu biranen talakawa ne, galibi baƙar fata. Sai a 2021 aka ware dala biliyan 15 don tone bututan dalma, har yanzu ana kai.

Mu ma ai ba a rasa manyan ayyuka ba. Ga madatsar Galma, ga matatar Shika mai lita miliyan 150 a rana, da kuɗin Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci a cikin aikin. Masana kuma ga su nan a Samaru, ga cibiyar horar da ma'aikatan ruwa ta ƙasa a Mando, Kaduna. Wanda ban taɓa gani a gida ba shi ne dattijon nan na akori-kura, wanda kwamiti irin naku zai kira ya zo ya duba.

Tunda babu shi, ka nemi mai gyaran lantarki na kirki ya gano abin da ke ƙona sumon kafin a sa sabo. Ina zargin ɗayan biyu: ko wuta ce ke zuwa ba ƙarfi, ko rijiyar na janyewa da rani injin ya yi ta juyawa a bushe. Kowanne akwai 'yar na'urar da ke kashe injin da kanta, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na sumo ba. A cire a cikin nawa kason. Sannan a sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta ranar da aka sa injin da abin da aka kashe, a yanka wani abu a kan kowace jarka ko da ƙanƙani ne, a kai banki da sa hannun mutum biyu. Na san Kawu zai ce ruwa sadaka ne, ba a sayar da shi. Ka lallaɓa shi, ka ce ba ruwan ake saya ba, sumo na gaba ake tarawa. In ya ƙi, ka haɗa ni da shi ranar Juma'a bayan an sauko.

Kuɗin zai shigo ranar Litinin. Ka ɗauko mini hoton shafin farko na littafin. In an sami mai tahowa, Inna ta ɗaura mini daddawa da kuka, nawa sun ƙare tun kafin azumi. A gaida kowa da kowa.