Word da LaTeX: wane ne ke yanke inda rubutu zai zauna a shafi?

Malam, ka yi tambaya daga wajen Ringim kan dalilin da ya sa jadawalin takardar kammala karatunka ke zamewa zuwa wani shafi duk lokacin da ka kai ta shagon buga takardu a cikin gari, da kuma ko LaTeX, wata manhajar tsara rubutu, zai raba ka da wannan wahala.

A Word linzami yana hannunka, domin kai ke ajiye kowane abu inda kake so. Manhajar tana cika layi, ta yanke, ta wuce na gaba ba tare da waiwayen na baya ba. Faɗin kowane harafi kuwa ya dogara da salon haruffan da ke cikin kwamfutar, saboda haka idan ta mai shago ba ta da irin naka sai ta musanya da wani, layuka su ƙaru, jadawali ya tsallaka. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

LaTeX, wanda Leslie Lamport ya gina a kan manhajar TeX da Donald Knuth ya fitar a 1978, bayani kawai kake yi masa, cewa wannan babi ne, wancan jadawali ne, shi kuma ya tsara. Yana ɗaukar kowane harafi a matsayin ɗan akwati, tazarar da ke tsakanin kalmomi kuma tamkar danko mai miƙewa da takurewa, sannan ya auna sakin layi ɗungurungum kafin ya zaɓi wuraren yankewa, kamar maginin da ke duba tsawon katanga kafin ya fara jera bulo. Sai dai shi ma yana ɗaga jadawali, kuma da gangan yake yi: yakan kai shi saman shafi, ko ƙasansa, ko wani shafi na daban, don kada a bar fili babu rubutu. Ko ka sa masa alamar h, wato “a nan”, roƙo ka yi, yana iya ƙin karɓa.

Wajen haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, Word ya fi sauƙi. A LaTeX gara ka bi ta XeLaTeX, wani nau'insa, da salon haruffan da ke ɗauke da su.

Idan aikinka cike yake da lissafi, LaTeX ya cancanci wahalar koyo. In ba haka ba, ka tsaya a Word, ka saita shafin a A4, ka mayar da takardar zuwa PDF tun daga gida, sannan ka kai wa mai shago ita ya buga.