Sharhi: hidimar masu kai mutane kallon husufin wata daga Tromsø

Hukuncina a taƙaice: kuɗin sun biya, amma ba don abin da kamfanin ya tallata ba. Tallarsu ta cika da alkawarin jan wata tare da hasken nan mai launin kore da ke rawa a samaniyar arewa, wanda ake kira Aurora. Abin da na amfana da shi kuwa shi ne direban da ya san inda gajimare ba ya zama, da kuma rigar sanyin da suka ba mu aro.

Husufin da na bi su kallo shi ne na 21 ga Janairun 2019. Tromsø na arewacin ƙasar Norway, kusan digiri 70 arewa da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, can cikin yankin da rana ke ɓacewa tun ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Wannan doguwar duhuwar ce ribar mai kallo. Cikakken wata kullum yana kishiyar rana, saboda haka idan rana ta nutse can ƙasa a lokacin hunturu, shi wata sai ya hau sama ya daɗe. A tsakiyar shekara abin juyawa yake yi: dare ba ya duhu, wata kuma da kyar yake leƙowa. Duk wanda ya sayar maka da tikitin kallon husufi a can cikin watan Yuni, ya yi maka sakiyar da ba ruwa.

Matsalar garin ita ce bakin teku ne, gajimare ba ya rabuwa da shi. Nan direban ya nuna gwaninta. Da tsakar dare ya kwashe mu ya bi hanyar E8 zuwa wajen Skibotn, tafiyar kusan kilomita 120, kwarin da duwatsu suka kare shi daga damshin teku har ya yi suna da wankakkiyar samaniya. Baƙo da motar haya, a kan titi mai santsin ƙanƙara cikin duhu, ban ga yadda zai yi wannan shi kaɗai ba.

Inuwar duniya ta fara cin gefen wata da misalin ƙarfe 4:34 na asuba agogon Norway. Daga 5:41 zuwa 6:43 ya shige cikinta gaba ɗaya, awa ɗaya da 'yan mintoci. Abin da hoto ba ya iya ɗauka shi ne yadda ƙasa ke sauyawa. Kafin husufin, dusar ƙanƙara na mayar da hasken wata har kana ganin inuwarka da sawun takalminka ba tare da tocila ba. Da inuwa ta rufe shi, sai farin nan ya dushe, duwatsu suka koma baƙi, taurarin da farin wata ya danne suka fito tsaba-tsaba. Shi kansa watan ya koma kalar jan ƙarfe, gefe ɗaya ya fi ɗaya haske. Dalilin jan kuwa, iskar da ke kewaye da duniya ce ke lanƙwasa hasken rana, ta tarwatsa shuɗin, ta bar jan ya isa kan wata. Aurora ɗin da aka yi mana alkawari ta ɗan leƙo, sirara-sirara, kyamara ta fi ido ganinta.

Wannan bayanin ba daga bakin jagoranmu na ji shi ba, kuma nan ne ƙorafina. Yaron kirki ne, ya san Aurora ciki da waje, amma husufi baƙonsa ne. Da wata dattijuwa ta tambaye shi me ya sa ba a yin husufi kowane wata, sai ya hau kame-kame, alhali amsar gajeriya ce: hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5 daga ta duniya, yawanci sai ya wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar. Madubin hangen nesa kuma guda ɗaya tak suka kawo wa mota guda, ana layi. Ka zo da naka, ko da ƙarami ne. Husufin wata ba ya cutar da ido, ba a buƙatar wani tabarau na kariya. Daga baya aka sanar cewa masu bincike a Sifen sun ɗauki ƙyallin wani ɗan dutse da ya faɗa kan wata daidai farkon cikar husufin. Mu dai a layin nan ba wanda ya gani.

Rigar sanyin da takalman ba su da makusa. Sun hura wuta, sun shimfiɗa fatun barewar arewa, abin sha mai zafi bai yanke ba. Batirin waya ne sanyi ke zuƙewa nan da nan, sai ka ɓoye ta a aljihun ciki. Babu makewayi a wurin, kuma ba su faɗa mana tun farko ba.

Akwai wani cikakken husufin ranar 31 ga Disambar 2028, da misalin ƙarfe shida na yamma agogon can, lokacin da rana ba ta fitowa sam. Zan sake bin irin wannan mota, amma kafin in biya ko kurona ɗaya sai na tambaya wa zai yi jagora, kuma madubi nawa za su ɗauko.