Kafin ka saya wa tsohuwar motarka kwayil

Duk mai riƙe da tsohuwar mota mai kontak, irin Peugeot 504 ko Volkswagen Beetle, wata rana zai tsaya gaban mai sayar da kayan gyara, a jera masa kwayil biyu ko uku a ce ya zaɓa. Tsarin wutar motocin nan shi ne wanda Charles Kettering ya ƙera aka sa wa Cadillac a 1910: kwayil ɗaya mai ƙara ƙarfin wutar batir har ta yi tartsatsi a fulogi, kontak mai buɗewa da rufewa yana katse wa kwayil wuta, kwandensa mai kare kontak daga ƙonewa, sai distiribita mai raba wa fulogai wuta. Tsari ne mai sauƙi, amma ba ya yafe kuskuren saye.

Kada ka fara da ƙarfin da aka rubuta a kwali. Ka sa a auna maka kwayil ɗin da mita. A mota mai bolt 12, wanda ke karɓar wuta kai tsaye daga makulli yakan nuna kimanin om 3 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya). Mai om 1.5 kuwa an yi shi ne don motar da ke da 'yar na'urar rage wuta a gabansa. Ka ɗaura shi a inda babu ita, zai yi zafi kuma kontak ya ƙone da wuri. Ka sa mai om 3 a inda take, tartsatsin ya yi rauni, da safe sai an tura. Beetle ta kafin 1967 ma bolt 6 take amfani da shi, nata daban ne.

Kwayil ɗin da aka cika da mai yana jure zafi, amma in ya fara yoyo ya gama aiki. Busasshen da aka cika da roba ya fi jure girgizar hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen kwayil mai tsada su manta da bakin fulogi. Tazarar bakin ce ke yanke yawan wutar da kwayil zai tara kafin tartsatsi ya tsallaka. In ta yi faɗi, motar za ta yi lafiya a tsaye, amma da ka hau tudu da kaya sai inji ya fara tsallake bugu, domin matsin cikin silinda ya ƙaru, wutar kuma ta nemi mafita ta waya ko murfin distiribita. In ta matse, tartsatsin ƙarami ne, fetur ba ya ƙonewa sosai, fulogi ya yi baƙi.

Beetle tana son milimita 0.6 zuwa 0.7 a fulogi, 0.4 a kontak. Wasu sababbin fulogai suna fitowa daga kwali da milimita 1 ko fiye, saboda motocin zamani. Ka roƙi bakanike ya auna kowanne da ma'aunin tazara kafin ya ɗaura, ba da ido ba.