Makarantar 'yan Katolika da ɗiyata ke zuwa: abin da ake koya musu a aji ɗaya da aji biyu

Salam 'yan uwa iyaye. Tunda ana yawan tambayata ya karatun Ummi yake a makarantar mishan ɗin nan ta 'yan Katolika da ke kusa da mu a Kaduna, na ce bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya gani. Ba zan faɗi sunan makarantar ba saboda akwai ƙorafi a ciki. Ta gama aji ɗaya yanzu tana aji biyu, don haka iya nan zan yi magana.

Abin da ya fi burge ni kam shi ne yadda suke koyar da karatu. Wallahi nan sun iya. Ba haddar ABCD suke fara sa yaro ba, tsarin Jolly Phonics suke bi, sauti 42 na Turanci da aka raba rukuni bakwai, ana farawa da s, a, t, i, p, n, kowane sauti da waƙarsa da motsinsa. Na "s" yaro zai riƙa lanƙwasa hannu kamar maciji na tafiya, na "a" kuma ya riƙa tafiya da yatsu a kan damtsensa wai tururuwa ce ke hawa. Daga waɗannan shida kawai sai ka ga yaro ya haɗa sat, pin, tap da kansa ba wanda ya faɗa masa. Kafin ƙarshen zango na biyu Ummi ta fara tsayar da ni a hanya tana haɗa baƙin allunan shaguna, kwalin madara ma bai tsira ba sai ta karanta abin da ke jiki. Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida irin su the da said da was kuma Antin tasu kan rubuto su a ɗan kati ta maƙala a bayan littafi, a gida mu maimaita. Kuma Sistar da ke shugabantar makarantar ba a ofis take wuni ba, tana shiga aji ta ɗaga yaro ta ce ya karanta mata, wanda ta ga yana baya sai a ware shi a ƙara masa lokaci bayan an tashi kuma ba a karɓi ko sisi na lesin ba.

Lissafi ma ba laifi. Da murfin kwalba suka fara ƙirga, daga baya aka ce kowa ya kawo tsinke ana ɗaure goma goma da roba, shi ya sa da aka zo tarawa mai ɗauke da ɗaya bata sha wuya ba don ta riga ta san ɗauri ɗaya goma ne. Rubutun hannu kuwa akwai tsanani, littafi mai jan layi da shuɗi, harafi ya ɗan leƙa waje a ce a sake.

To maganar addini, wadda na san ita ce kowa ke son ji. Mu Musulmi ne kuma tun ranar cike fom Sista ta gaya mana komai a fili bata ɓoye ba: akwai addu'ar Kirista a asembli kullum da safe, akwai wata da ƙarfe goma sha biyun rana idan an kaɗa ƙararrawa, akwai ranar da Fada ke zuwa yin ibada. Yaran Musulmi suna tsayawa shiru ne kawai, ba a sa su faɗin komai ba, ranar ibada kuma a aji ake barinsu da malama guda. Ban taɓa jin an matsa mata ba, gaskiya ɗaya ce. Amma inda matsalar take, manhajar gwamnati ta NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar makarantu, ta ce darasin addinin Kirista na yaran Kirista ne, na addinin Musulunci kuma na yaran Musulmi, su kuwa babu malamin addinin Musulunci sam, in lokacin darasin ya yi sai a kai yaran Musulmi ɗakin karatu su yi ta zane. Mun ɗaga maganar a taron iyaye da malamai an ce ana dubawa, har yau shiru. Don haka Islamiyya ta yamma dole ce, yarinya ta dawo wajen ƙarfe biyu ta ci abinci ta yi sallah ƙarfe huɗu ta sake fita, ga aikin gida yana jiranta da dare.

Aikin gidan nan fa ya yi yawa. Yarinya 'yar shekara bakwai a bata darasi uku ko huɗu a dare ɗaya, wani lokacin tana rubutu tana gyangyaɗi. A 2025 gwamnatin tarayya ta rage darussan aji ɗaya zuwa uku suka koma tara zuwa goma, aka dawo da tarihin Najeriya, amma jakar Ummi bata ragu ba don makarantar ta ƙara nata na kwamfuta da Faransanci da littattafan gwajin basira, kuma dukkansu a wurinsu ake saye, ba ka isa ka sayo a kasuwa ba ko ka yi amfani da na yayarta tunda a ciki ake rubutu.

Wanda ya fi ci min rai dai Hausa ne. Sau ɗaya a mako ake yi, shi ma in ana shirin wasanni ko bikin ƙarshen zango shi ake fara sadaukarwa, kuma yaro ya yi Hausa a aji sai a rubuta sunansa. Na san ba su kaɗai ba ne, gwamnatin ma da ta fito da tsarin koyarwa da harshen uwa a 2022 ta soke shi a Nuwamba 2025 ta koma Turanci, amma dai Hausa na nan a matsayin darasi ai, ya kamata a koyar da shi da gaske. Yarinyar da ke karanta labarin Turanci tiryan-tiryan na bata ɗan littafin tatsuniya ta tsaya tana kallon ƙ da ɗ da ɓ bata san su ba. Ni na zauna na koya mata da irin dabarar Antin tata, sauti sauti, kuma nan da nan ta kama don Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Kenan da sun so da tuni sun yi.

Wanda ke son ɗansa ya iya karatu da rubutu da wuri, ga tarbiyya da kiyaye lokaci, ni dai zan ce ya kai, Ummi ma can za ta ci gaba in sha Allah. Amma kafin ka biya kuɗi ka nemi a nuna maka jadawalin darussa na mako, ka tambayi ina ake kai yaran Musulmi lokacin darasin addini da wa ke kula da su, sannan ka sa a rubuta maka kuɗin littattafai da yunifom daban, don ba sa cikin kuɗin makarantar da ake faɗa maka da farko.