Darussan Pratham na unguwannin talakawan Indiya: inda suke aiki da inda suke tuntuɓe

Ƙungiyar Pratham ta soma aiki a unguwannin marasa galihu na birnin Mumbai a tsakiyar shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin Madhav Chavan da Farida Lambay. Cikin abin da take ba yara kyauta akwai iri biyu: darasin cike giɓi ga waɗanda aji ya wuce su, da ɗan tallafin lafiya ga ƙananan da ke makarantun raino. Na farkon ne ƙarfinta.

Kafin a koya wa yaro komai sai an gwada shi, shi kaɗai, da takarda guda, cikin 'yan mintuna. Matakan karatu biyar ne: wanda bai san komai ba, mai gane harafi, mai karanta kalma, mai karanta ɗan sakin layi, sai mai karanta gajeren labari. Daga sakin layi ake fara gwajin. In yaro ya kasa a sauko da shi zuwa kalma, in ya iya a hau da shi zuwa labari. Lissafi ma haka, daga gane lamba zuwa ɗebewa da rabawa. Daga nan sai a raba yara gwargwadon matakinsu, ba ruwan kowa da shekaru ko aji. Ɗan aji biyar da bai wuce harafi ba sai ya zauna da ɗan aji uku, a tabarma ɗaya, da katunan haruffa da tsinke ɗaure goma-goma na koyon ƙirga. Ana sake gwaji a kai a kai, wanda ya haye a matsar da shi gaba.

Masu koyarwar farko 'yan mata ne na unguwar da suka gama sakandare, ana kiransu balsakhi, wato ƙawar yaro. Horon mako biyu, yara 15 zuwa 20, awa biyu kullum. Binciken da masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a Mumbai da Vadodara a farkon shekarun 2000 ya nuna yaran da ke can ƙasan aji su suka fi cin moriya, kuma kuɗin da ake kashewa kan yaro bai kai dala uku ba a shekara. Sai dai shekara guda bayan an daina darasin, yawancin ribar ta zube. Mai son kwaikwayon tsarin ya riƙe wannan: ba allura ba ce da ake yi sau ɗaya.

Babban rauninsa lokacin tashi daga makaranta ne. A gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh, da aka ba 'yan sa-kai ajin yamma, yaran da suka zo sun koyi karatu sosai, amma ba su kai ɗaya cikin goma na yaran wurin ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya fi bukatar darasin shi ne wanda ake jira ya ɗebo ruwa ko ya yi goyon ƙane, kuma ajin yamma ba dole ba ne. Da aka miƙa kayan ga malaman gwamnati a jihohin Bihar da Uttarakhand su yi a cikin zangon karatu, sai suka koma bin manhaja kamar da, ba su raba yaran ba, sakamako bai motsa ba. Abin da ya yi aiki daga baya shi ne sansanin karatu na kwana goma-goma da ake maimaitawa har ya kai kwana 40 zuwa 50, a cikin lokacin makaranta, ko kuma awa guda da aka keɓe kullum tare da mai sa ido da ke zagayawa, kamar yadda aka yi a jihar Haryana.

Ɓangaren lafiya kuwa ƙunƙuntacce ne, kada a ɗauke shi asibiti. A makarantun rainon Pratham na Delhi, wajen 2001 zuwa 2002, an tarar kashi 69 cikin ɗari na yaran suna da ƙarancin jini. An ba su ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ayon, da maganin tsutsar ciki albendazol miligiram 400, da bitamin A. Nauyinsu ya ƙaru, fashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da yake magungunan na da araha, wannan riba ce babba. Wurin kuskure sananne ne: ayon yana baƙanta bayan gida, wani lokaci ya kawo taurin ciki, uwar da ba a gaya wa tun farko ba sai ta tsorata ta hana yaron sha. Shan shayi tare da ƙwayar yana rage shigarta jiki. Yaro ƙasa da shekara uku a niƙa masa albendazol, kada ya shaƙe.

An kawo salon koyarwar Afirka, an gwada shi a Ghana da Zambiya, da jihohin Borno da Kano inda ake koyar da karatun da Hausa. Gwajin takarda guda da rabon mataki suna ɗaukuwa yadda suke. Ƙwayar ayon kuma tana son hattara a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa ta da rigakafin zazzaɓin da maganinsa. Ajin yamma kuma zai yi karo da Islamiyya da talla, don haka sai an zauna da iyaye da malaman unguwa an tsayar da awar kafin a buga kati ko ɗaya.