Kofunan tangaran na Limoges da na saya a wajen mai gwanjo

Jama'a na karɓi kofunan nan shida da farantansu, kuma wallahi kyau kam akwai shi. Farare tas, bakinsu da zanen ruwan zinare, in ka ɗaga ɗaya saitin rana sai ka ga haske na ratsa shi, ka ɗan ƙwanƙwasa da cokali ya yi ƙara siririya. A gindin an buga Limoges, wani gari ne a Faransa da ya yi suna da tangaran tun bayan da aka gano farar ƙasar yinsa a kusa da shi a 1768. Kafin nan masana'antar Meissen ta Jamus ce ta fara yin irin wannan tangaran a Turai a 1710, da can sai dai su sayo daga Chaina.

Abin da ya ɗaure min kai farantin ne, yana da rami a tsakiya inda kofin ke zama daram. Ashe ba na shayi ba ne, na cakulan mai zafi ne, an yi ramin ne don kar kofin ya zame in hannu na rawa. Kuma kofin ƙarami ne, mai gidana ya ce wannan ai kurɓa uku ne, ni kuwa na ce to masu shi ba Bournvita suke damawa a mug ba, abu ne mai kauri kamar kunun gyaɗa, na sarakuna da matan attajirai.

Nan ne fa jikina ya ɗan yi sanyi. Cakulan ɗin nan Sifaniyawa suka kwaso daga Meziko bayan sun ci daular Aztek ta can da yaƙi a 1521, su mutanen can da barkono suke shan abinsu, Turawa suka zuba masa suga, sugan kuma bayin da aka kwashe daga Afirka ne ke noma rakensa a tsibiran Karebiyan. Yau ma Ghana da Kwaddibuwa ke noma fiye da rabin kokon duniya (ba kokon ƙosai ba fa), amma sunan cakulan mai tsada na Suwizalan da Beljiyam ne.

Matsala ɗaya, mai kayan bai faɗa min hannun kofi ɗaya ya taɓa tsagewa an liƙe ba, sai da na wanke na gani, na kira shi ya ce ai gwanjo ne Hajiya. Kuma kar a kuskura a saka su a maikurowef saboda zinaren nan. Faɗi-ka-mutu ne, na jera su can saman shogilas inda yara ba sa kaiwa, sai baƙi sun zo.