Lesin ɗin Common Entrance da na saka 'yata a Agege

Wurin ƙarami ne, a saman wani shagon fenti nan Agege, ba nisa da titin jirgin ƙasa. Aikinsu ɗaya: shirya 'yan aji biyar da shida don jarrabawar Common Entrance ta hukumar NECO, wadda da ita ake shiga makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya. 'Yata Queen's College ta Yaba take so, ni ma ita nake mata fata. Lokacin da na saka ta kuɗin wata N15,000 ne, ana zuwa Litinin zuwa Alhamis da yamma, sai Asabar da safe.

Abin da ya fi kwanta min a rai da su shi ne ba sa yi wa iyaye daɗin baki. A taron iyaye wani Alhaji mai harkar shanu a Oko-Oba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mun ji gwamnati ta ƙara gurabe. Ashe makin shiga zai sauko ke nan?" Yawancinmu abin da ke bakinmu ke nan. Shugaban wurin, wani Bazazzage da ya daɗe yana koyarwa a Legas, ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in nuna maka a allo."

Ya ce makin shiga ba wani lamba ba ne da ake rubutawa a ajiye kafin a yi jarrabawa. Jera yara ake yi daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a yi ta cika kujeru, makin yaron da ya samu kujerar ƙarshe shi ne makin shiga. Ya zana kujeru 100, ya ƙara 20. Yanzu makin na 120 za a duba maimakon na 100. To amma a daidai wannan wurin yara cunkushe suke, goma ma za su iya cin maki iri ɗaya, saboda haka tsakanin na 100 da na 120 wataƙila maki biyu ko uku ne kawai. Idan kuma labarin ƙarin ya sa iyayen da a da ba sa sayen fom suka saya, to ɗan saukin ma ya tafi.

Sai ya yi tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: a ina aka ƙara guraben? Makarantun haɗaka sun daɗe suna 104, aka buɗe sababbin kwalejojin kimiyya da fasaha a wasu jihohi suka zama 110, a 2021 kuma ma'aikatar ilimi ta ce guraben sun kai 30,000. Ƙari ne na gaske, babu musu. Amma makarantar da aka gina a wata jiha ba ta ƙara gado ko ɗaya a King's College ba, wadda ke tsibirin Legas tun 1909, ko a Queen's da aka kafa a 1927. Kuma mu da ke Legas kusan kowa waɗannan biyun yake fara rubutawa a fom, kafin ya tuna da sauran makarantun haɗaka na Legas kamar FSTC Yaba ko FGC Ijanikin.

Maganar jiha kuwa ita ce ta fi taɓa ni. Ana raba gurabe kashi 60 cikin 100 bisa cancanta, 30 daidai tsakanin jihohi, 10 kuma don buƙatu na musamman. Yaranmu an haife su a Agege ko Idi-Araba amma takardar asalinsu ta ce Katsina ko Zamfara, sai wasunmu su saki jiki. Har yau akwai matan da ke ambato jerin makin shiga na jiha-jiha na 2013 da ya yi ta yawo, inda Anambra ke da 139, Legas 133, yaro namiji daga Zamfara kuma 4. Na ji da kunnena wata tana cewa, "Ai namu ko bacci ya yi zai shiga." Wallahi raina ya ɓaci. Malam ya ce mata, "Hajiya, rabon jiharku a makaranta ɗaya bai taka kara ya karya ba, kuma duk 'yan jiharku da ke Mile 12 da Obalende da Alaba Rago shi suke hari. Ko ya shiga da ɗan makin nan, da wa zai zauna a aji?" Ya ce shi ba ya shirya yaro don rabon jiha, layin cancanta yake nufa da kowa. Don wannan maganar kaɗai da na biya kuɗin watan.

Koyarwar ma haka take. Lissafi da ɓangaren auna kaifin basira su ne ƙarfinsu. Kowace Asabar ana raba takardar amsa irin ta ranar jarrabawa, kowa da fensir HB da abin gogewa, Malam ya ajiye agogon bango a kan tebur. Na ga ya kama hannun wani yaro yana nuna masa yadda ake cike gurbin amsa ba tare da fita layi ba, ya kuma nuna masa cewa tun da ya tsallake tambaya ta 17 bai tsallake layinta ba, duk amsoshin da suka biyo baya sun zame. 'Yata da ba ta iya kammala takardar lissafi, yanzu tana gamawa har ta koma ta duba.

Akwai abubuwan da ba su yi min ba. Yaran sun yi wa ɗakin yawa, in wuta ta ɗauke kuma janareton ba ya ɗaukar fanka duka, yarinya ta dawo hijabinta sharkaf da gumi. Ɓangaren Turanci bai kai na lissafi ba, an canza malama a tsakiyar zango, sabuwar kuma karanta amsa take yi ba ta tsayawa bayani. Ana karɓar kuɗin tsofaffin tambayoyi daban, alhali ba a faɗa mana haka ranar rajista ba. Bayan gida guda ɗaya ne maza da mata, wanda bai dace da yara masu shekara goma zuwa sha ɗaya ba. Lokacin yamman kuma ya ci karo da Islamiyya. Mun kai kuka, sun mayar da ajin Laraba zuwa Lahadi, sauran ranakun suna nan yadda suke.

Wanda ɗansa ke da rauni a Turanci ya nema masa ƙarin malami a gida, don nan kaɗai ba zai wadatar ba. Wanda kuma lissafi ne matsalar, ko yaron ba ya iya gama takarda a kan lokaci, ya kai shi tun yana aji biyar, ya kuma roƙa a saka shi ajin Asabar na farko, kafin rana ta buɗe ɗakin ya ɗauki zafi.